Malamin Kemistiri a Fadar Shugaban Ƙasa: Tuna Umaru 'Yar'aduwa, Ɗan Samaru

Ranar Asabar 21 ga Afrilu 2007, manyan 'yan takarar shugabancin Najeriya uku ne, kuma dukkansu 'yan Arewa. Biyu daga cikinsu Katsinawa ne, biyu kuma sun yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Janar Muhammadu Buhari mutumin Daura ne, amma makarantarsa bariki ce. Alhaji Atiku Abubakar ɗan Adamawa ne, ya yi difloma a fannin shari'a a harabar Kongo, ya gama a 1969. Wanda ya haɗa biyun, ga Katsina ga Zariya, shi ne siririn mutumin nan mai magana ƙasa-ƙasa, wanda akasarin 'yan Kudu ba su ma san fuskarsa ba sai wata huɗu kafin zaɓe: Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Tsofaffin ɗaliban ABU suna da abin da suke tinƙaho da shi a kan wannan mutum, kuma suna da gaskiya. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Shehu Shagari malaman makaranta ne da suka fito daga kwalejin horon malamai. Dakta Nnamdi Azikiwe yana da digirori daga Amurka, sai dai kujerarsa ta shugaban ƙasa ta girmamawa ce, iko yana hannun firaminista. Cif Ernest Shonekan lauya ne mai digiri, amma ba zaɓensa aka yi ba, naɗa shi aka yi. Sauran duk sojoji ne. Saboda haka sai da ƙasar ta kusa shekara 47 da samun 'yanci kafin a rantsar da zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko da ya zauna a ajin jami'a ya fito da digiri, kuma jami'ar ta gida ce, a Samaru. Digirin nasa ma ba na shari'a ba ne ko na siyasa, kamar yadda aka saba gani wajen masu neman mulki. Kemistiri ya karanta, da koyarwa.

An haife shi a birnin Katsina ranar 16 ga Agusta 1951, a gidan da mulki ba baƙon abu ba ne. Mahaifinsa, Malam Musa 'Yar'aduwa, shi ne Matawallen Katsina, kuma ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Yayansa Shehu, wanda ya girme shi da shekara takwas, soja ya shiga. Umaru ya fara firamare a Rafukka a 1958, aka mai da shi makarantar kwana ta Dutsin-Ma a 1962, daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Keffi daga 1965 zuwa 1969, sannan Barewa a Zariya, inda ya gama babbar takardar sakandare a 1971. Yana Keffi aka yi juyin mulkin Janairu 1966 da ya kawo ƙarshen gwamnatin da mahaifinsa yake minista a cikinta, yana can kuma aka yi kusan duk yaƙin basasa.

Lokacin da ya shiga ABU a 1972, jami'ar ba ta wuce shekara goma da kafuwa ba. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna Ahmadu Bello ne ubanta na farko, Bature ɗan ƙasar Niyu Zilan, Norman Alexander, shi ya fara jan ragamarta. A zamanin su Umaru ragamar tana hannun Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin, daga 1966 har 1975. Yaƙi ya ƙare, kuɗin mai sun fara kwarara, ɗalibi yana cin abinci mai kyau a kan kuɗi kaɗan, kuma kafin ya rubuta jarrabawar ƙarshe ma'aikatu sun fara zawarcinsa. Wanda ya yi karatu a jami'ar gwamnati a shekarun baya-bayan nan zai ji wannan kamar tatsuniya.

Abin da ya fi abinci muhimmanci shi ne iskar da ke kaɗawa a Samaru a lokacin. A sashen tarihi akwai Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, yana koya wa ɗalibai su daina kallon tarihin ƙasarsu da idon 'yan mulkin mallaka. A ƙarƙashinsa wani matashi ya taso, Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya gama digirinsa na uku a kan tarihin Katsina a 1974, kuma ya zama ƙaya a wuyan masu mulki da masu sarauta duk da cewa jininsu ne. A sashen nazarin zamantakewa akwai Patrick Wilmot, ɗan Jamaika, wanda bakinsa ya sa gwamnatin Babangida ta kore shi daga ƙasar a 1988. Muhawara a kan talaka da mai kuɗi, da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, da makomar Angola da Mozambik, ba ta tsaya a ajin tarihi ba. Tana bin ɗalibai har ɗakin kwana da wurin cin abinci, ɗan kimiyya ma bai tsira ba. A nan ne ɗan Matawalle ya ɗauko ra'ayin 'yan sauyi, ra'ayin da daga baya ya raba shi da jam'iyyar gidansu.

Shi kuwa karatun nasa na kansa, sai an ɗan tsaya an duba shi, domin ya bar alama a halin mutumin. Ya gama digirin farko a kemistiri da koyarwa a 1975, sannan a 1978 ya koma Samaru don digiri na biyu a reshen kemistiri da ke tantance abin da ke cikin abu. Aikin masu wannan fanni shi ne a kawo musu ruwan rijiya, ko ƙasar gona, ko ƙwayar magani, su faɗi me da me ke ciki, kuma nawa ne adadin kowanne. Ɗaya daga cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibi shi ne ya riƙa sakin wani ruwan sinadari ɗigo-ɗigo cikin wani, idonsa a kan kwalba, har zuwa ɗigon da launi zai juya. Idan hannu ya yi gaggawa aka zarce da ɗigo biyu, aiki ya ɓaci, sai a zubar a sake. Idan ma an dace, ba a yarda da gwaji ɗaya, sai an maimaita sau biyu ko uku an ga lissafi ya zo daidai. Ba kowane mai wannan karatu ne yake fitowa da wannan hali ba, amma duk wanda ya kalli yadda Umaru ya tafiyar da mulki daga baya, da kyar ya ƙi tuna wannan kwalba.

Bautar ƙasa, wadda Janar Gowon ya ƙirƙiro a 1973, ta kai shi Legas. Ya koyar a Holy Child College, makarantar 'yan mata ta Katolika da ke wajen Obalende, daga 1975 zuwa 1976. Ɗan tsohon ministan Legas ke nan da alli a hannu a birnin da ubansa ya taɓa kula da shi. A cikin wannan shekara, ranar 13 ga Fabrairu 1976, aka harbe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad a Ikoyi, ba nisa da makarantar. Kwana kaɗan bayan haka aka ɗaga yayansa Shehu daga laftanar-kanar zuwa birgediya, ya zama na biyu a ƙasar bayan Obasanjo.

Wani da ya samu kansa a wannan matsayi, ƙanen mutum na biyu a ƙasa mai arzikin mai, da sai ya nemi kwangila ko babban ofis. Umaru Zariya ya koma, ya kama koyarwa a Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga 1976 zuwa 1979, sannan ya ci gaba da aikin malanta har 1983. Yana Zariya aka yi boren ɗalibai na Afrilu 1978 a kan ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana, wanda aka fi sani da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, inda sojoji suka buɗe wuta a Samaru aka rasa rayukan ɗalibai. Gwamnatin da ta aiko da sojojin, yayansa ne na biyu a cikinta.

Da aka buɗe fagen siyasa, sai gida ya rabu biyu. Mahaifin yana cikin manyan NPN, har ya taɓa riƙe mataimakin shugabanta na ƙasa. Ɗan kuwa sai ya bi Malam Aminu Kano, ya shiga PRP, jam'iyyar talakawa, wadda ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci tsohuwar Kaduna da Balarabe Musa a 1979. A lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, don haka rigimar a ƙofar gida take, ba a nesa ba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma daga baya Umaru ya gaji rawanin Matawalle, amma a akwatin zaɓe ya ƙi gadon.

Daga 1983 ya ajiye alli, ya tafi Funtuwa ya zama babban manajan gonar Sambo Farms har 1989. Shekarun nan babu abin a zo a gani a cikinsu, sai dai sun mai da shi kusa da harkokin yayansa, wanda ya yi ritaya daga soja yana gina wata ƙungiyar siyasa da ta ratsa ƙasar daga Arewa zuwa Kudu. An ƙirƙiro jihar Katsina a Satumba 1987. Umaru ya shiga majalisar tsara tsarin mulki ta 1988, ya tsaya takarar gwamna a SDP a 1991, ya sha kaye a hannun Alhaji Sa'idu Barda na NRC. Sai kuma babban rashi: gwamnatin Abacha ta ɗaure Shehu bisa zargin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Wanda aka yi ta zaton shi zai mulki Najeriya daga gidan 'Yar'aduwa, gawarsa aka kawo Katsina.

A 1999 Umaru ya ci gwamna a PDP, ya sake ci a 2003. Abin da ya fara jawo hankalin 'yan jarida gare shi shi ne bayyana kadarorinsa a fili, abin da doka ba ta tilasta wa kowa ba. Ita dai cewa ta yi a cike takarda a miƙa wa hukuma. Katsinawa sun san shi da riƙe baitulmali gam, har 'yan siyasarsa suna ƙorafin hannunsa ba ya buɗewa. Ya sa kuɗi a gine-ginen makarantu da hanyoyi, kuma a 2006 ya kafa jami'ar jiha. Ba mai yawan tafiye-tafiye ba ne, ba ya son taron hayaniya, shi ya sa a lokacin da wasu gwamnoni suke cika jaridun Legas da hotunansu, na Katsina sai a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. A wannan zangon ne kuma ciwon ƙoda ya fara kai shi asibiti a Jamus.

Yadda ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa ba abin alfahari ba ne ga dimokuraɗiyya, kuma masoyansa ma sun san haka. Bayan majalisar dattawa ta kashe yunƙurin tazarce a Mayu 2006, shugaba mai ci, Obasanjo, ya waiwayo ya ɗauko ƙanen tsohon mataimakinsa, aka sa gwamnonin da ke neman kujerar suka janye, aka tsai da shi a taron jam'iyya na Disamba 2006, aka haɗa shi da gwamnan Bayelsa, Goodluck Jonathan. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a Maris 2007 aka ɗauke shi zuwa Jamus, jita-jita ta cika gari cewa ya rasu. Obasanjo ya kira shi a waya a gaban taron jama'a, ya kara wayar a lasifika, ya tambaye shi wai ko ya mutu. Mutane suka yi dariya. Shi ma ɗan takarar ya taɓa ƙalubalantar masu shakkar lafiyarsa da su zo a kara a wasan sikwash. Wanda ya san yadda labarin ya ƙare, dariyar ba ta zo masa da sauƙi yanzu.

Hukumar zaɓe ta ba shi ƙuri'a kimanin miliyan 24.6, Buhari miliyan 6.6, Atiku miliyan 2.6. Masu sa ido na gida da na Tarayyar Turai suka ce zaɓen bai kai mizani ba: wurare da yawa kayan zaɓe ba su iso ba, wasu wuraren kuma an rubuta sakamako ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. A nan ne mutumin ya yi abin da ba a saba gani ba. A jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga Mayu 2007, a gaban duniya, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya yi alkawarin gyara. Ɗan siyasa bai cika tona asirin tsanin da ya hau ba. Malamin da ya saba rubuta sakamakon gwaji yadda ya fito, ko bai yi masa daɗi ba, shi ne zai iya.

A watan Agusta ya kafa kwamitin mutum 22 a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, shi ma Bazazzagi, kuma cikin membobin akwai Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Rahoton ya fito a Disamba 2008. Ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman don hukunta masu maguɗi, a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, sannan, mafi girma, a cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe shi kaɗai, a sa majalisar kula da harkokin shari'a ta tace sunaye. Wannan ta ƙarshen gwamnatinsa ta ƙi karɓa. Ya yarda a auna ciwon, amma da aka rubuta magani mai ɗaci bai shanye duka ba. A wannan watan ne kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa a ƙarar Buhari, da rinjayen alƙali ɗaya tak, huɗu da uku.

Inda ba a yi masa gardama shi ne bin hukuncin kotu. Mako biyu da hawansa, Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Peter Obi a Anambara bai ƙare ba. Andy Uba, ɗan PDP kuma na hannun daman Obasanjo, ya bar gidan gwamnati bayan kwana goma sha bakwai. Aka zo kan Adams Oshiomhole a Edo a 2008 da Olusegun Mimiko a Ondo a 2009, duk kotu ta ƙwace daga jam'iyya mai mulki ta ba 'yan adawa, ba a turo 'yan sanda su tare ƙofa ba. Kuɗin ƙananan hukumomin Legas da Obasanjo ya riƙe shekaru duk da hukuncin kotu, shi ya sake su. A ƙarshen Yuni 2007 ya wallafa takardar kadarorinsa, kimanin naira miliyan 856, ya zama shugaban Najeriya na farko da ya yi haka, abin da ya sa mataimakinsa ma dole ya bi sahu.

Talaka kuwa ba wannan yake tunawa ba. Abin da yake tunawa shi ne farashin fetur. Obasanjo ya kai lita naira 75 ana jibi zai sauka, ya ninka harajin kayayyaki daga kashi 5 zuwa 10, ya sayar da matatun Kaduna da Fatakwal. Bayan yajin aikin gama-gari na Yuni 2007 aka mai da lita naira 70, aka soke ƙarin harajin, cinikin matatun ma ya wargaje. A farkon 2009, da farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, aka sake sauko da ita zuwa naira 65. A tashar mota da majalisar masu shayi har yau wannan ne hujjar farko idan ana yabonsa, musamman tun da aka cire tallafi a 2023. Masana tattalin arziki suna da ja a kan maganar, suna cewa matatun da aka hana sayarwa sun ci biliyoyi a gyara ba su tashi ba. Duka biyun gaskiya ne.

Laƙabin da jaridun Legas suka liƙa masa shi ne Baba Go Slow, wato mai tafiyar hawainiya, sunan da suke kiran cunkoson motocinsu da shi. Magoya bayansa suna cewa sannu ba ta hana zuwa. 'Yan adawa suna ƙarasa musu karin maganar, sai dai a daɗe ba a je ba. Ya zo da ƙudurori bakwai, wutar lantarki a kan gaba, ya yi alkawarin ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, bai yi ba. An sa burin megawat 6,000 kafin ƙarshen 2009, ba a kai ba. Da ya sauke ministoci ashirin a ƙarshen Oktoba 2008, sai da aka yi makonni kujerunsu babu kowa. Ta fuskar yaƙi da cin hanci ma akwai tabo: a Disamba 2007 aka ɗauke Nuhu Ribaɗu daga EFCC aka tura shi kwas a Kuru, jim kaɗan bayan hukumar ta kama tsohon gwamnan Delta, James Ibori, wanda kowa ya san kusancinsa da fadar. Ibori ya tsallake kotun Najeriya, sai a Landan aka ɗaure shi a 2012. Mutum yana iya tsare hannunsa, amma bai tsare na waɗanda suka kewaye shi ba.

Damina ta 2009 ita ce ma'aunin mulkinsa, domin a cikinta ya fuskanci masu ɗauke da makamai a kusurwa biyu na ƙasar, ya bi da su ta hanya biyu mabambanta. A yankin Neja Dalta, inda fasa bututu da sace ma'aikata suka karya yawan man da ake haƙowa, ya riga ya kafa ma'aikata ta musamman a 2008. Ranar 25 ga Yuni 2009 ya yi shelar afuwa: duk wanda ya miƙa makami tsakanin 6 ga Agusta da 4 ga Oktoba an yafe masa, za a koya masa sana'a, a riƙa ba shi naira 65,000 a wata. Manyan kwamandoji irin su Tompolo da Ateke Tom suka fito daga cikin fadama, mutum sama da 20,000 suka ajiye bindiga, mai ya dawo yana gudana. Wannan aiki ne na mai haƙuri, an yi shi ɗigo-ɗigo, kuma ya ci.

Wata guda bayan shelar, ranar 26 ga Yuli, rikici ya ɓarke a Bauci tsakanin jami'an tsaro da mabiya Muhammad Yusuf, ya bazu zuwa Yobe da Wudil da Maiduguri. A nan ba a yi ɗigo-ɗigo ba. Shugaban ya ba da umarnin murƙushewa, ya hau jirgi ya tafi ziyarar aiki Barazil ana tsakiyar wuta. Cikin kwana biyar mutum fiye da 700 suka mutu. Sojoji suka kama Yusuf da rai suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu ranar 30 ga Yuli ba tare da shari'a ba. Da ya dawo ya ce a bincika, amma bai rayu ya ga ƙarshen binciken ba, kuma abin da ya tsiro daga wannan toka mutanen Borno da Yobe da Difa da arewacin Kamaru da gaɓar tafkin Cadi sun fi kowa saninsa. Shugaban da ya yi suna da bin doka, a ƙarƙashinsa aka yi kisan gillar da ya fi kowanne tsada a tarihin ƙasar na kusa.

A wannan shekarar dai ya ɗauko wani tsohon ɗalibin ABU, Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda ya karanta tattalin arziki a Samaru, ya ba shi Babban Banki a watan Yuni. Ranar 14 ga Agusta Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya su nutse. Masu bankunan nan ba ƙananan mutane ba ne, wasunsu sun taimaki jam'iyya, amma shugaban bai ja wa gwamnan bankin birki ba. Su kuwa tsofaffin abokan aikinsa malamai, sai da suka rufe jami'o'i wajen wata huɗu kafin gwamnatinsa ta sa hannu a yarjejeniya da ASUU a Oktoba 2009. Wannan takarda ce aka yi ta yajin aiki a kanta shekara da shekaru bayan rasuwarsa, har da na wata takwas a 2022. Ɗaliban da aka haifa lokacin yana gwamna sun zauna a gida saboda ita.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da shi zuwa asibiti a Jidda. Likitansa ya ce kumburin rigar zuciya ne. Bai rubuta wa majalisa takardar miƙa mulki ga mataimakinsa ba, kuma sashe na 145 na tsarin mulki, yadda yake a lokacin, bai faɗi abin da za a yi idan shugaba bai rubuta ba. Ƙasa ta zauna ba direba. Da wa'adin Alƙalin Alƙalai Idris Kutigi ya cika a ƙarshen Disamba, shi da kansa ya rantsar da magajinsa, domin babu shugaban da zai yi. Ranar 12 ga Janairu 2010 aka ji muryarsa a BBC, a raunane, ta waya, yana cewa yana samun sauƙi. A ranar Wole Soyinka ya jagoranci zanga-zanga a Abuja. Ministar yaɗa labarai Dora Akunyili ta fasa ƙwai a majalisar ministoci, ta ce a faɗa wa jama'a gaskiya. Ranar 9 ga Fabrairu majalisar tarayya ta dogara da hujjar lalura, ta ɗauki hirar BBC a matsayin sanarwa, ta mai da Jonathan muƙaddashin shugaba. Ranar 24 ga wata aka dawo da maras lafiyan cikin dare, bayan kwana 93, kuma jama'a ba su sake ganinsa ba.

Ko yana cikin hayyacin da zai iya rubuta takardar, ko waɗanda ke kewaye da gadonsa ne suka hana, wannan magana ce da 'yan siyasar lokacin suke ta jayayya a kai har yau. Abin da ya tabbata shi ne an gyara sashen a 2010: idan shugaba ya yi kwana 21 bai rubuta ba, majalisa ta ba mataimakinsa riƙo.

Allah ya yi masa rasuwa a fadar Aso Rock daren Laraba 5 ga Mayu 2010, yana da shekara 58. Washegari da safe aka rantsar da Jonathan, da rana jirgi ya sauka da gawar a Katsina, aka yi masa salla a filin wasa saboda yawan jama'a, aka kai shi maƙabartar Ɗanmarna, inda mahaifinsa da yayansa Shehu suke kwance. Kafin watan ya ƙare aka rantsar da sabon mataimakin shugaban ƙasa, gwamnan Kaduna Namadi Sambo, wanda ya karanta zanen gine-gine a Samaru a shekarun da Umaru yake can. A watan Yuni kuma Jonathan ya ba Jega, ɗan kwamitin Uwais, shugabancin hukumar zaɓe, da ikon nan da kwamitin ya ce a cire wa shugaban ƙasa.

Jami'ar da ya kafa a Katsina tun 2009 take ɗauke da sunansa, yana raye aka sa mata. Tana kan hanyar Dutsin-Ma, garin da aka kai shi makarantar kwana yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma tana da sashen kemistiri.